Ciwon barci iri biyu: daga hanyar Gwanja zuwa ƙwayoyin gado

1373: sarkin da barci ya ci

Labari mafi tsufa da aka rubuta kan ciwon barci a Afirka ta Yamma labarin sarki ne. Ibn Khaldun, masanin tarihin nan haifaffen Tunis, ya rubuta cewa Sarkin Mali Mari Jata na biyu ya kamu da wata cuta da ta sa barci ke ɗaukarsa ba dare ba rana, har da ƙyar ake farkar da shi. Ya yi shekara biyu a haka, ya rasu a shekara ta 775 bayan Hijira, wato tsakanin 1373 da 1374. Ibn Khaldun bai taɓa taka ƙasar Mali ba. Wani alƙali mutumin Sijilmasa da ya zauna a can ne ya ba shi labarin, ya ƙara masa da cewa cutar ba baƙuwa ba ce a wurin mutanen ƙasar. Ji ne dai ba gani ba, amma siffar da aka bayar ta yi daidai da cutar da ƙudan tsando ke kawowa, musamman da yake mutuwa ce ƙarshenta.

Mutuwar nan ita ce ta raba cututtuka biyu da jama'a ke iya haɗawa a suna ɗaya. Ta farko ƙuda ke kawo ta, kuma tana kisa idan ba a yi magani ba. Ta biyu ba ta kisa, ba a ɗaukarta daga kowa, daga cikin jikin mutum take tasowa, kuma abin da ya gada daga iyaye yana da hannu a ciki. Likitoci na kiranta nakolefsi. Yankin Paraku da Jugu, a arewacin Jamhuriyar Benin ta yau, ya sha fama da ta farko har ya ga bayanta. Ta biyun kuwa sai da aka bi ta daga Jamus zuwa Faransa, daga Japan zuwa Amurka, kafin a gane kanta, kuma jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka sa aka warware ƙulli mafi wuya a cikinta.

Ƙarni na 15 zuwa 1826: hanyar goro

Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ake ƙiyasta sarautarsa tsakanin 1438 da 1452, aka buɗe hanya daga Borno zuwa Gwanja. An tattara littafin ne ƙarnuka bayan haka daga abin da magabata suka bari, don haka shekarunsa ƙiyasi ne. Abin da babu ja a kansa shi ne, kafin ƙarshen ƙarni na 18 ayarin Hausawa na tasowa daga Kano da Katsina, jakuna ɗauke da kanwa da fatu da tufafin rini, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, su yada zango a Paraku da Jugu, sannan su miƙe zuwa Salaga inda ake kawo goro daga dajin Asante.

Garuruwan biyu da fataucin nan suka girma. A Jugu, wadda ake kuma kira Zugu, gidan sarauta na unguwar Kilir, kuma mutanen garin na cewa wani baƙo ne daga ƙasar Gurma ya kafa zuriyar sarakunan a cikin ƙabilar Yom. Wannan gadon baki ne, haka ma labarin Kisra da sarakunan Bargu ke jingina asalinsu gare shi. Abin da ido ke gani har yau shi ne unguwar Wangara, inda Musulmi 'yan kasuwa masu jin Dendi suka zauna, sunan da ke tuna Wangarawan da suka bazu daga ƙasar Mali, da kuma Zangon Hausawa. A 1826 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya gamu da ayarin Hausawa a Kaiama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa maza da mata sun kai 1,000, dabbobin kaya ma kusan haka.

Ayari ba ya tafiya sai da ruwa, ƙudan tsandon da ke cizon mutane kuwa a inuwar bakin rafi yake zama. Kogin Weme daga tsaunukan da ke kusa da Jugu yake tasowa, Okpara kuma na wucewa gabas da Paraku. Duk mashigin da madugu ya tsayar da ayari don a shayar da dabbobi, mazaunin ƙuda ne. Fatake sun san ɓarnarsa ga dabba sarai, domin sammore na kashe doki idan ya yi nisa kudu. Ɓarnarsa ga mutum ce ba a danganta da shi ba, saboda ciwon na iya yin watanni ko shekaru kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa, lokacin an daɗe da mantawa da cizon.

Masu cinikin bayi a bakin teku sun san alamarsa. Likitan jirgin ruwa John Atkins ya bayyana cutar a gaɓar Gini a 1734. A 1803 Thomas Winterbottom, wanda ya yi aiki a Saliyo, ya rubuta cewa dillalai na shafa bayan wuyan bawa, idan suka ji kaluluwa ta kumbura sai su ƙi saye. Ba tausayi ba ne, asara suke gudu.

1877 zuwa 1903: an raba gari da tsakuwa

A 1877 wani likita a birnin Balin, Carl Westphal, ya gabatar da wani mutum da barci ke kwashewa tsakar rana, wanda kuma wani lokaci jikinsa ke sakewa gaba ɗaya alhali yana jin duk abin da ake faɗa. Westphal ya lura da abin da ya zama ginshiƙin duk binciken da ya biyo baya: mahaifiyar mutumin ma tana da irin wannan lalura.

Bayan shekara uku, a 1880, Jean-Baptiste Gélineau, tsohon likitan sojan ruwan Faransa, ya rubuta labarin wani mai sayar da gangunan giya a Paris, ɗan shekara 38. Barci kan ɗauke shi sau da yawa a yini, yana cikin cin abinci ko magana. Idan ya yi dariya, ko karta ta yi masa kyau, sai gwiwoyinsa su sake. Ya taɓa zubewa a gidan namun daji yana kallon birai. Gélineau ne ya raɗa wa cutar suna, kuma ya tsaya ya bambance ta da ciwon barcin da likitocin sojan ruwa ke ba da labari daga Afirka: wancan na ci gaba har ya kashe, wannan kuwa mai shi na farkawa garau bayan 'yan mintoci, ya kuma rayu da abinsa shekara da shekaru. Sakewar jikin nan da dariya ko mamaki ko fushi ke tayarwa daga baya aka ba ta suna kataflekisi.

Asirin cutar Afirka ya tonu ba da daɗewa ba. A 1901 likita Robert Forde ya ga wata ƙwayar halitta mai wutsiya tana motsi a jinin wani ma'aikacin jirgin ruwa a Gambiya, a 1902 Joseph Dutton ya tabbatar da nau'inta. A 1903, ana tsakiyar annobar da ta kashe mutane wajen 250,000 a gaɓar tafkin Biktoriya a Yuganda, Aldo Castellani ya same ta a ruwan lakar majinyata, David Bruce kuma ya nuna ƙudan tsando ke yaɗa ta. Cikin shekara uku an san mai laifi. Nakolefsi kuwa sai da ta ƙara kusan shekara 100 ba a san sanadinta ba.

1894 zuwa 1960: Turawa da ƙuda

A 1894 Frederick Lugard da hafsoshin Faransa suka yi rige-rigen isa Nikki don ƙulla yarjejeniya da sarki. Yarjejeniyar Yunin 1898 ta raba Bargu biyu: Bussa da Kaiama suka faɗa hannun Ingila, Nikki da Paraku da Jugu suka shiga Dahomey ta Faransa. Kafin nan ma hanyar goro ta fara mutuwa, tun da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, yaƙin basasa kuma ya tarwatsa Salaga a 1892.

Mulkin mallaka ya motsa mutane fiye da yadda fatauci ya taɓa yi. Aikin tilas, ɗaukar soja, gudun haraji, sababbin hanyoyi, da layin dogon da ya iso Paraku daga Kwatano a 1936, duk sun riƙa kai mai ƙwayar cuta a jininsa inda ƙuda ke jira. A shekarun 1920 da 1930 ciwon barci ya zama annoba a faɗin yankin. Ƙasar Atakora da ke arewa da Jugu na cikin wuraren da abin ya yi tsanani, haka ma Pagouda a ƙasar Togo, wadda ke dab da iyaka yamma da Jugu.

Dabarar Faransawa ta Eugène Jamot ce, wanda ya gwada ta a Kamaru kafin a kai shi Wagadugu a 1932. Ba a jiran majinyaci ya zo asibiti. Tawaga ke zuwa ƙauye, a tara kowa da kowa ta hannun mai gari, a jera su, a shafa wuyan kowa, wanda aka ji kumburi a soka masa allura a duba ruwan a madubin likita, in ta kama a ɗebi ruwan laka daga gadon baya. A 1939 aka kafa hukuma ta musamman a Bobo-Julaso a ƙarƙashin Gaston Muraz, ta kuma haɗa har da Dahomey. Dabarar ta yi aiki, wannan ba a musu. Amma da ƙarfin hukuma aka yi ta, kuma magungunan na sinadarin arsenik ne: wasu sun makantar da mutane, melarsoprol da ya fito a 1949 kuwa yana kashe kusan 5 cikin 100 na waɗanda aka yi wa. Wanda ya ji cewa mutane na gudu daji idan tawaga ta doso, kada ya yi saurin kiransu jahilai.

A Arewacin Najeriya ma haka aka sha. Tsakanin 1931 da 1940 an duba mutane fiye da miliyan 3, aka sami kusan 400,000 da cutar. A ƙasar Zazzau aka yi aikin Anchau daga ƙarshen shekarun 1930, inda aka sare kurmin bakin rafuka, aka tashi ƙauyuka aka sake musu mazauni, aka gina sabon gari Takalafiya. Lokacin da Dahomey ta sami 'yancin kai a Agustan 1960, an riga an karya lagon annobar a yawancin Afirka ta Yamma.

1953 zuwa 1992: mafarki, karnuka da jinin Japanawa

A wannan tsakani binciken ɗaya cutar, nakolefsi, ya fara motsi. A 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago suka gano wani mataki na musamman a cikin barci. Shi ne matakin da idanu ke yawo a ƙarƙashin fata, mutum na mafarki, ƙwaƙwalwa kuma ta kashe ƙarfin gaɓoɓi don kada ya tashi ya aikata abin da yake gani. Mai lafiya sai ya yi kamar awa ɗaya da rabi yana barci kafin ya kai nan. A farkon shekarun 1960 aka gano mai nakolefsi na faɗawa wannan mataki da zarar ya rufe ido. Nan aka fahimci sauran alamomin. Sakewar jiki lokacin dariya shanyewar barcin mafarki ce da ta kutso mutum na farke. Dannau, wanda kowane Bahaushe ya san labarinsa, ita ce shanyewar da ba ta saki mutum ba bayan ya farka. Dannau kaɗai ba cuta ba ne, masu lafiya da yawa na yin sa, amma mai nakolefsi ya fi kowa shan sa.

William Dement ya buɗe asibitin barci a Jami'ar Stanford a 1970. Cikin shekarun nan aka gano akwai karnukan da ke zubewa ƙasa idan an miƙa musu abincin da suke so, murna ce ke kayar da su. Stanford ta tara su ta yi kiwo, aka ga a wasu nau'o'in gado ne tsantsa: idan uwa da uba na da cutar, duk 'ya'yan sai sun yi ta.

A mutane lamarin bai zo da sauƙi haka ba. A 1983 da 1984 Yutaka Honda da Takeo Juji a Tokyo suka auna wani rukunin ƙwayoyin gado da ake kira HLA, waɗanda likitoci ke dubawa kafin dashen ƙoda. Duk majinyatan da suka auna suna ɗauke da nau'in da ake kira DR2, alhali cikin Japanawa masu lafiya kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke da shi. Aka maimaita a Turai aka sami kusan haka. Masana suka ɗauka magana ta ƙare.

Ashe da sauran rina a kaba. Da aka auna baƙaƙen fatar Amurka masu cutar a ƙarshen shekarun 1980, kusan kashi ɗaya cikin uku ba su da DR2 ko kaɗan, ga kuma cutar ƙarara a jikinsu. A 1992 Kazumasa Matsuki da Emmanuel Mignot da abokan aikinsu suka fito da amsar. DR2 maƙwabci ne kawai. Ainihin mai hannu a ciki wata ƙwayar gado ce da ke kusa da shi, DQB1*06:02. A jikin Turawa da Japanawa su biyun kusan kullum tare ake gadonsu, don haka ba a iya sanin wane ne wane. 'Yan Afirka kuwa su ne al'umma mafi tsufa a duniya, ƙwayoyin gadonsu sun fi na kowa cakuɗuwa da rarrabuwa, har aka sami mutane da yawa masu 06:02 ba tare da DR2 ba. Da ba a auna jikokin waɗanda aka fitar ta tashoshi irin su Wida da Badagiri ba, da an daɗe ana tuhumar wanda bai ji ba bai gani ba.

1998 zuwa 2018: abin da ke jawowa, abin da ke karewa

A 1998 ƙungiyoyi biyu, ta Luis de Lecea da Gregor Sutcliffe a Kalifoniya da ta Takeshi Sakurai da Masashi Yanagisawa a Dallas, kowace ta gano wani sinadari da wani ɗan lungu a ƙasan ƙwaƙwalwa ke fitarwa. Waɗancan suka kira shi haifokretin, waɗannan suka ce oreksin, sun ɗauka ma na sha'awar abinci ne. A 1999 Mignot ya gano cewa karnukan Stanford na da lahani a ƙwayar gadon da ke karɓar saƙon wannan sinadari, Yanagisawa kuma ya ga ɓerayen da aka cire musu shi suna zubewa suna cikin wasa. A 2000 aka auna ruwan lakar mutane masu cutar aka tarar babu sinadarin, aka duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu aka ga kusan kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin da ke yin sa, waɗanda gaba ɗayansu ba su wuce kimanin 70,000 ba, sun ɓace. Maƙwabtansu kuwa lafiya lau. Mignot da Yanagisawa sun raba kyautar Breakthrough ta 2023 saboda wannan aiki.

Bambancin kare da mutum a nan yake. Kare da lahaninsa ake haifarsa. Mutum kuwa lafiya ake haifarsa, daga baya wani abu ya bi ƙwayoyin nan ya kashe su, galibi tsakanin ƙuruciya da shekara 20 da 'yan kai. Wane ne ke kisan? HLA ta nuna hanya, domin aikinta a garkuwar jiki yake. Wasu ƙwayoyin garkuwa na ɗauke da HLA a bayansu kamar faifan 'yar talla, suna ɗora gutsattsarin duk abin da suka tsinta a jiki, dakarun garkuwa da ake kira ƙwayoyin T su zo su duba. In suka ga na baƙo, sai yaƙi. Siffar faifan gado ce, kuma na 06:02 yana riƙe gutsuren haifokretin daram. A 2009 aka gano cewa bambanci a ƙwayar gadon da ke ƙera idon ƙwayoyin T ma na ƙara haɗarin, a 2018 kuma masu bincike a Suwizalan suka sami ƙwayoyin T da ke kai wa haifokretin hari a jinin majinyata. Ra'ayin da ya fi rinjaye yau shi ne garkuwar jiki ce ke kuskure ta far wa nata.

Alƙaluman na buƙatar a karanta su da natsuwa. Kusan 98 cikin 100 na masu nakolefsi mai sakin jiki, waɗanda aka tabbatar sun rasa sinadarin, na da 06:02. Amma masu lafiya ma na da ita birjik: kimanin 12 cikin 100 na Japanawa, 25 na fararen Amurka, 38 na baƙaƙen Amurka. Cutar kuwa mutum 25 zuwa 50 take kamawa cikin 100,000. Ke nan mafi yawan masu ɗauke da ƙwayar za su rayu su mutu ba su san suna da ita ba. Ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, idan ɗaya ya kamu, sau ɗaya cikin uku ko huɗu ne kawai ɗan'uwan ke kamuwa.

Kowa na gadon HLA biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma ta biyun ce ke ɗaga haɗari ko ta sauke shi. Binciken Mignot na 2001 kan Japanawa da farare da baƙaƙen Amurka ya nuna cewa wanda ya gaji 06:02 ta ɓangarorin biyu haɗarinsa ya ninka sau biyu zuwa huɗu, wanda ya haɗa ta da 03:01 ma nasa ya ƙaru. Amma 05:01 da 06:01 na karewa. A 2010 wani bincike a Turai ƙarƙashin Mehdi Tafti na Lausanne ya ƙara 06:03, wadda da wuya a gan ta a jikin majinyaci. Bayanin da aka fi karɓa shi ne, 06:02 ba ta aiki sai ta haɗu da wani sashe abokin tafiyarta, su kuwa waɗannan 'yan uwanta ne na kusa da ke rige-rigen wannan abokin da ita, sai adadin mai haɗarin ya ragu. Abin da ya fi ban mamaki, ita 06:02 ɗin na cikin mafi ƙarfin abin da ke kare yaro daga ciwon suga irin na yara.

Abin da ke kunna wutar ya fito fili bayan annobar murar H1N1 ta 2009. A 2010 likitocin Beijing suka ga sababbin masu cutar sun ninka bayan murar ta wuce, mafi yawansu ba a yi musu rigakafi ba. A Finlan da Suwidin kuma aka ga ƙaruwa cikin yaran da aka yi wa wata allurar rigakafi guda, Pandemrix. A Finlan haɗarin ya ninka kusan sau 13 ga 'yan shekara 4 zuwa 19, hukuma ta dakatar da allurar a Agustan 2010, kuma yaran da aka auna masu 06:02 ne. A ƙasarmu da maganar rigakafi ke saurin kama wuta, dole a faɗi iyakar abin: allura ɗaya ce, ta mura, an daina amfani da ita, ba ta da alaƙa da ta shan inna ko ƙyanda, kuma ko a can yaro ɗaya ne cikin dubbai da yawa abin ya shafa. Hukumomin lafiyar ƙasashen ne da kansu suka gano suka kuma sanar.

2010: gadon da ƙuda ya bari

Ciwon barcin tsando ma ya bar sawunsa a ƙwayoyin gado. A 2003 ƙungiyar Etienne Pays a Beljiyam ta gano cewa jinin ɗan Adam na da wani furotin, APOL1, da ke fasa ƙwayar sammore, shi ya sa cutar da ke kashe saniya ba ta kama makiyayi. Nau'i biyu ne kawai na ƙwayar suka koyi kauce masa, ɗaya na gabashin Afirka ɗaya na yamma, su ne ke kawo ciwon barci. A 2010 Martin Pollak da abokansa suka gano siffofi biyu na wannan ƙwayar gado, G1 da G2, da ake samu a jinin 'yan asalin Afirka kaɗai, G1 kuma ta fi yawa a Afirka ta Yamma, musamman kudancin Najeriya. Wani bincike na 2017 ya nuna G2 na kare mutane daga nau'in cutar na gabas a Yuganda, masu G1 a Gini kuma sun fi iya ɗaukar nau'in yamma ba tare da ya kwantar da su ba. Farashin shi ne ƙoda: wanda ya gaji biyu haɗarin ciwon ƙodarsa ya ƙaru sosai. Duk wanda ya san yadda sikila ke da alaƙa da zazzaɓin sauro ya san irin wannan ciniki.

Cututtukan biyu ma ashe sun fi kusa da juna fiye da yadda Gélineau ya zata. Alain Buguet, wanda ya auna barcin majinyata a Kwaddibuwa da Kwango, ya nuna cewa mai ciwon tsando ba ya fin kowa yawan barci a jimla. Barcin ne ke wargajewa ya bazu cikin dare da rana, kuma shi ma yakan faɗa matakin mafarki kai tsaye.

2022 zuwa yau

Cutar tsando ta sake tashi a Kwango da Angola da Sudan a shekarun 1990 saboda yaƙe-yaƙe, har aka ƙiyasta mutum 300,000 na ɗauke da ita a 1998. An sake danne ta: tun 2018 waɗanda ake samu a duniya ba sa kai 1,000 a shekara, akwai kuma maganin haɗiya, fexinidazole. A Mayun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa Benin ta kawar da cutar a matsayin barazana ga lafiyar jama'a, bayan Togo da Kwaddibuwa.

Ke nan matashin da barci ke kwashewa yau a aji ko a bakin rumfa a Paraku ko Jugu, da wuya a ce ƙuda ne. Sau da yawa ma ba cuta ba ce, rashin barcin dare ne ko gajiya, wani kuma minshari ne mai toshe numfashi. Amma wanda ya yi watanni a haka, wanda kuma dariya ke sa muƙamuƙinsa ya saki, kansa ya rusuna, gwiwarsa ta lanƙwashe na 'yan daƙiƙoƙi alhali yana jin komai, wannan ba malalaci ba ne, ba kuma farfaɗiya ko bugun iska ba ne. Mai farfaɗiya irin wadda aka fi sani hankalinsa na gushewa, wannan kuwa zai maimaita maka abin da aka faɗa a kansa. Gane shi na da muhimmanci a gari irin Paraku, inda dubban samari ke neman abinci a kan babur, manyan motoci kuma ke ɗaukar kaya zuwa Malanbil. Wani bincike na Stanford na 2015 ya nuna baƙaƙen Amurka kan fara cutar da wuri, kuma da yawansu na rasa sinadarin ba tare da sakin jikin ya bayyana ba, abin da ke ƙara wahalar ganewa.

Paraku na da jami'a tun 2001, da tsangayar koyon likitanci da asibitin koyarwa. Tabbatar da cutar na buƙatar a kwana ana auna barcin mutum da na'ura, washegari a sake auna saurin da yake yi wajen faɗawa barci, kayan aikin da ke da ƙaranci a duk Afirka ta Yamma. Awon HLA shi kaɗai ba ya yanke hukunci, tun da masu lafiya da yawa na da 06:02. Ba a warkar da cutar, amma ana sarrafa ta da gajeren barcin rana a kan lokaci, da magunguna irin su modafinil masu hana gyangyaɗi, da wasu masu rage sakin jiki. A 2025 kamfanin Takeda na Japan ya sanar da kyakkyawan sakamako a gwajin mataki na uku na wani maganin da ke yin aikin sinadarin da aka rasa.

Tambayar da iyali kan fara yi ita ce ta aure, musamman inda ake auren zumunci. Haɗarin ɗa ko ɗan'uwan majinyaci ya ninka na sauran jama'a sau 10 zuwa 40, amma a zahiri 1 zuwa 2 ne cikin 100, kuma mafi yawan majinyata ba su da kowa mai cutar a danginsu. Ba kamar sikila ba, babu wani awon jini kafin aure da ake ba da shawarar yi saboda nakolefsi.